Usman Mai Biyar da Usman Mai Bakwai

Jiya wasu samari biyu suka tsaya a ƙofar magazata, wato ɗakin ajiyar kaya, nan kasuwar tattasai ta Diffa, suna kallon surukata Yagana tana duba saƙon wani ɗan kasuwa a waya. Da fuskar wayar ta yi tsanwa na ce a buɗe ƙofa a fitar da buhuna, sai ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa wai aikin ke nan gaba ɗaya, a danna, a ga tsanwa, a karɓi la'ada, ko akuya aka koya wa za ta iya. Ya ɗauka kunnena ya tsufa. Shi ya sa yau na zaunar da Yagana na ce ta ɗauki biro ta rubuta abin da zan faɗa. Ni ban taɓa shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ko sunana ban iya rubutawa. Ya Fanna ake kirana, kuma na fi shekara arba'in ina fatoma.

Fatoma shi ne wanda ake bar wa kaya. Manomi ya ɗauko jan tattasai daga bakin Komadugu ya sauke a wurina, ɗan kasuwa ya zo daga Kano ya saya, ya bar shi a magaza har ya sami mota. Duk abin da ke cikin ɗakin nan, ko ƙwaya ɗaya ba tawa ba ce. Sana'ar dai ita ce sanin wanda za a buɗe wa ƙofa da wanda za a bari a tsaye a rana.

Buhun farko da na taɓa, a magazar gwaggona Ya Kaltum ne, wadda ta riƙe wurin bayan rasuwar mijinta. Ta farke bakin buhun ta ce in sa hannu har gwiwar hannu, in ɗebo daga ƙasa. Na sama busasshe yana ƙara, na ƙasa da danshi. Na yi atishawa har hawaye, ba ta ko dube ni ba. Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: basilla, igiya, tiya ta awo, da gawayi na yin alama. Kowane mai kaya da tasa alamar a jikin buhu, wani ƙafar kaza, wani zobe biyu, wani tsani. Akwai manoma biyu 'yan Gagamari masu tsani, ɗaya mai matakala uku, ɗaya mai huɗu. Wata rana na haɗa buhunansu wuri ɗaya, don na ga tsani na ce ai na san shi. Ya Kaltum ta sa aka rushe tulin duka, ina bin 'yan dako ina ɗora yatsa a kan kowace matakala ina ƙirgawa da ƙarfi, kasuwa na kallo. Da muka gama ta ce in daina gane alama. Wanda ya gane, ya riga ya daina dubawa. In ƙirga ta, ko da ta ubana ce.

Buhu yana da alamarsa, saƙo ma yana da tasa. Ɗan kasuwa ba ya zama a Diffa yana jiran mota. Yana can Kano zai aiko direba ya ce a ba shi buhu kaza. To da me zan san shi ya aiko? Kafin ya tafi mukan keɓe mu biyu mu tsayar da alama. Wani ya ce ɗan aikena zai kama kunnensa na hagu kafin ya gaishe ki. Wani ya ce zai tambaye ki ko an gyara murfin shuɗiyar tukunya. Duk wanda ya zo bai kawo ta ba, ko kuka zai yi, ruwa kawai nake ba shi. Sai dai alama tana da aibi guda: ranar da aka yi aiki da ita, direba ya ji ta, yaron mota ya ji ta, ta zama ta mutum huɗu. Don haka duk kaka in ɗan kasuwa ya dawo, sai mu zubar da tsohuwa mu ƙulla sabuwa, fuska da fuska.

Shekarar da yaran daji masu bindiga suka taɓa garin nan, aka hana hawan babur, aka hana kifi, mutanen bakin kogi suka watse suka kafa bukkoki a gefen titi, tattasai ya yi ƙaranci ƙwarai. Wanda ya yi noma ma da ransa a hannu ya yi. 'Yan kasuwar Kano suka daina zuwa, sai aike. Alamun da muka ƙulla suka yi ta tsufa a bakin direbobi, kaka ɗaya, biyu, uku, ba wanda ya zo mu sake. A cikin haka wata safiya aka kira ni da lambar wani mai saye da na daɗe ina yi wa aiki. Rezo, wato layin waya, na yankewa, murya na zuwa tana ɓacewa, aka ce ga mota nan tafe. Direba ya iso, ya gaishe ni, ya tambaya ko an gyara murfin shuɗiyar tukunya. Na buɗe ƙofa na ba shi buhu talatin. Bayan kwana tara mai kayan ya kira da wata lamba. Ashe an ƙwace wayar a hannun yaronsa a hanyar Gaidam tun da daɗewa, murfin tukunya kuwa har masu shayi a tasha sun san da shi. Mutumin bai zage ni ba. Ya kwashe sauran kayansa ya kai magazar Malam Bukar da ke fuskantar tawa, bai sake taka ƙofata ba.

Wanda ya rage mini cikin manyan masu saye shi ne Alhaji Sabi'u na Kano. Bayan wasu shekaru, da hanya ta ɗan yi dama, ya zagayo ta Damagaram da Maine ya zo da kansa. Ya zauna a kan buhu ya ce shi yanzu da lalitar waya yake cinikinsa, irin kuɗin nan da ake kira kirifto, saboda wahalar canjin naira da sefa. Na ce ni ba ruwana da kuɗin da ba a taɓa shi da hannu. Ya ce ba kuɗi ya kawo mini ba, alama ya kawo, wadda ba ta tsufa.

Ga yadda na fahimce ta, kuma shekarun da na yi ina aiki da ita ba su ƙaryata ni ba. Lalitar tana da adireshi, dogon layin baƙaƙe da lambobi, kowa na iya gani kamar ƙofar gida. Tana da makulli kuma, wannan yana wurin Alhaji shi kaɗai, ko ni ban taɓa ganinsa ba, ba na ma bukata. In zai aiko saƙo sai ya rubuta shi, ya taɓa shi da makullin, wayar ta haifo wani layin da ya fi adireshin tsawo. Shi ake kira sa hannu. Ba a tura ko dala, saƙo ne kawai. Mu a nan abu uku muke zuba wa waya: adireshin Alhaji, saƙon, da sa hannun. In ukun sun yarda da juna ta yi tsanwa, in ba su yarda ba ta yi ja. Sa hannun kowane saƙo daban yake. Direba ya haddace na yau in ya ga dama, ba zai buɗe masa ƙofa gobe ba. In aka mai da buhu goma ya zama sha ɗaya, ko aka ƙara ɗigo guda, sai ja.

Ya zuba adireshin a wayar Yagana a gabana. Na ce bai isa ba. Na aika aka sayo fenti, na sa aka rubuta shi duka a bangon magaza daga ciki, babba-babba, Alhaji na tsaye yana karantowa. Ya yi ta dariya wai ba a taɓa yi wa adireshinsa irin wannan gata ba. Na ce waya faɗuwa take yi, bango ba ya faɗawa rijiya. Na kuma ce kowane saƙo ya zo da sunan direba da rana, in babu ba na karɓa.

Masu cewa a danna a ga tsanwa, ku ji wannan. An yi wani mutum mai farar shadda ya zo da saƙo wai daga Alhaji, ya miƙo mini wayarsa tana tsanwa shar. Na ce ya riƙe abarsa. Na shigar da shi ciki, na sa Yagana ta buɗe adireshin da ke cikin wayarsa, na ɗaga ta kusa da bango. Farkon ya yi kama, daga na biyar suka rabu. Lalitarsa ce ya sa wa saƙon hannu da ita, ina dalilin da ba za ta yi masa tsanwa ba? Tsanwa ba ta san Alhaji ba. Abin da take cewa kawai, mai wannan adireshin ne ya rubuta wannan magana. Ko adireshin na wane ne, wannan aikin mai magaza ne. Mutumin ya ce bari ya je ya yi alwala, har yau yana alwalar.

Aikin da ya fi ba ni haushi kuwa, babu ɓarawo ko ɗaya a cikinsa. Ƙarshen bazara ne, gajimare ya fara taruwa a gabas, ina riƙe da buhu tamanin na Alhaji. Wayar Yagana ta faɗa randa a satin, muka sayi wata da sabuwar lamba, ba mu kai ga sanar da shi ba. Shi kuma yana shirin tafiya Umara, ya kira bai same mu ba, sai ya sa aka buga saƙon a takarda da sa hannunsa, ya ba direbansa Usman, ya hau jirgi. Usman ya iso ranar Talata da la'asar. Na san shi, ya fi shekara goma yana ɗaukar kaya a ƙofata, na san matarsa ta haihu, na san ba ya shan shayi da sukari. Ya ce motocin tattasai a ayari za su fita ranar Alhamis da safe, in ya rasa su sai wani sati, shi kaɗai ba zai bi hanyar nan ba. In kuwa ruwa ya same mu, danshi ya shiga buhu, jan tattasai ya koma baƙi, Alhaji ba zai tambayi gajimare ba, ni zai tambaya.

Da can in saƙo ya shigo waya, Yagana ɗauka kawai take yi ta liƙa a gurbinsa. Yau takarda ce, dole ta buga da yatsa. Ta kwafi adireshin daga bango, ta buga saƙon, ta buga dogon sa hannun a hankali. Ja. Ta goge sa hannun ta sake. Ja. Usman ya yi dariya ya ce, Inna, ai ni ne, a buɗe mu fara lodi kafin a rufe bariyar bakin gari. Na ce na gan shi, amma wanda ya tambayi murfin tukunya ma fuska gare shi.

Da gari ya waye Laraba muka kira maƙwabcinmu Mushe Dauda, tsohon malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, Kirista, mutumin Dogon Dutse, shi ke karanta wa rabin unguwa takardunsu. Ya sa tabarau ya zauna da Yagana. Shi yana karanto sa hannun ɗaya-ɗaya, ita tana duba waya. Suka yi gardama a kan wani ko sifili ne ko baƙi, wani ko ɗaya ne ko sanda. Suka gwada ta nan, suka gwada ta can. Tun hantsi har azahar, ja. Na kira lambar Alhaji ya fi sau goma, a rufe. Malam Bukar ya tsallako titi ya tsaya a inuwata yana ce wa Usman, shi da a wurinsa kayan suke da tuni an ɗaure tamfol, ya gaya wa Alhaji in ya dawo akwai magazar da ba a wulaƙanta direba. 'Yan dako suna zaune a kan amalanke suna kallona. Ɗana ma, mijin Yagana, ya zo ya raɗa mini wai in rufa wa kaina asiri, wannan ne babban mai sayen da ya rage. Na ce ya koma shagonsa.

Usman ya tashi ya kakkaɓe wando.

"Inna, shekara goma. Ko allura na taɓa ɗauka a nan?"

"Ba ka taɓa ba."

"To me ya rage?"

"Ja ya rage."

Ya ce in an kira la'asar ba a fara lodi ba, zai ɗauki kayan wani ya cika motarsa, ya bar ni da Alhaji.

Na ce a miƙo mini takardar da wayar. Mushe Dauda ya ɗan yi murmushi, irin na wanda ya ga an ba makaho madubi, amma ya miƙo. Na zare tsinke daga tsintsiya, na ajiye su biyun a kan buhu gefe da gefe. Ban taɓa dogon layin ba, sun riga sun cinye shi da ido tun safe. Na fara daga sama, daga 'yar maganar da ba wanda ya kula da ita. Tulin baƙaƙe na farko guda ɗaya a takarda, guda ɗaya a waya. Na biyu, biyu da biyu. Na uku a takarda ya fara da wani kamar ƙwarya a buɗe, na ƙirga da tsinke, biyar. A waya ya fara da zobe, sannan ƙwaryar, na ƙirga, bakwai.

Na tambayi Yagana wannan mene ne. Ta leƙa ta ce sunan Usman ne. Na nuna na wayar, ta ce shi ma sunan Usman ne. Na ce to me ya ci a hanya ya ƙara ƙiba haka?

Ta dubi takarda, ta dubi waya, ta rufe bakinta da mayafi. Alhaji ya rubuta Usman irin na mutanen Kano. Ita kuwa hannunta ya rubuta Ousmane yadda aka koya mata a lakwal, ba ta ma san ta yi ba. Ita tun jiya, Mushe Dauda tun safe, suna duban kalmar, idonsu na karanta musu suna ɗaya. Mushe Dauda ya cire tabarau ya fara yi mini bayani wai a gaskiya na Yagana ne daidai, haka yake a kartar shaidar kowa a ƙasar nan, 'yan Najeriya ne ke taƙaitawa. Na ce Mushe, ban aiko a kawo mini daidai ba. Wanda Alhaji ya rubuta nake nema, ko da kuskure ne, da kuskurensa za a buga.

Ta gyara ta danna. Ja.

Malam Bukar ya yi dariya har da buga cinya. Usman ya juya ya nufi motarsa. Na ce kada kowa ya taɓa wayar, ban gama ba. Na mai da tsinke inda na tsaya. Tuli na huɗu a takarda huɗu ne, a waya shida, zobe biyu sun kutsa ciki. Yagana ba ta jira na tambaya ba, ta ce da ƙaramar murya buhu ne, ta sa masa nasu na lakwal shi ma. Na bi sauran har ƙarshe, lambar buhuna, rana, wata, duk sun zo daidai. Ta cire zoben biyu ta danna, ana kiran la'asar a masallacin kasuwa.

Ta juyo mini da fuskar wayar. Na ɗauke ta na shiga ciki, na gwada adireshin da bango tun daga na farko har na ƙarshe, don ba zan fasa ba saboda ana sauri. Sannan na kwance makullin ɗakin buhunan daga bakin zanena na jefa wa shugaban 'yan dako.

Buhu tamanin suka hau kafin a rufe bariya, Alhamis da safe Usman ya bi ayari. Bai yi mini sallama ba, ya yi wata biyu yana gaishe ni daga cikin mota. Ruwan farko ya sauka ranar Asabar a kan magaza wadda babu kayan Alhaji a ciki. Da ya dawo daga Umara Malam Bukar ya riga ni kiransa. Ban san abin da suka ce ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, kaka ta gaba kayan Alhaji a ƙofata aka sauke, kuma tun daga nan in zai aiko takarda sai ya sa a buga ta da manyan baƙaƙe, wai saboda tsinken Ya Fanna.

Tsinken yana nan soke a tsagar bango, ƙarƙashin adireshi. Duk takardar da ta shigo, masu karatu su gama karatunsu, ni in bi bayansu da shi. Wannan da Yagana ke rubutawa ma na karɓa yanzu na bi. Duk inda sunan Usman ya fito biyar ne, sai wuri ɗaya da na ce ta sa bakwai. Ta ce Inna, ko a nan ma ba ki yarda da ni ba? Na ce na yarda da ita ƙwarai, ta miƙo shafi na biyu.